Ƙagaggen labari da addinin Buda: me Turawa ke koya a ciki?

Sadisu_Adabi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai wani al'amari da na daɗe ina juya shi a raina, kuma ina son jin ta bakinku, musamman mazauna Turai da Amurka da waɗanda karatu ko kasuwanci ya kai su Asiya. Da dama daga cikin Turawan da suka karkata ga addinin Buda ba a gaban malami suka fara sanin sa ba, ba kuma daga nassosinsa ba. Daga littattafan adabi suka fara. Tun 1879 Edwin Arnold ya fitar da doguwar waƙarsa The Light of Asia a kan rayuwar Buda, mutumin da ya kafa addinin, wadda Gandhi da kansa ya ambata cewa ya karanta lokacin da yake karatun lauya a Landan. Daga nan sai Siddhartha na Hermann Hesse a 1922, sai The Dharma Bums na Jack Kerouac a 1958, har zuwa na baya-bayan nan irin su Breakfast with Buddha na Roland Merullo a 2007 da The Dalai Lama's Cat na David Michie a 2012. A ganina waɗannan littattafai sun fi nuna wa Bature abin da ransa ke marmari fiye da abin da mabiya addinin ke yi a ƙasashensu. Shin labarin da aka ƙaga zai iya zama ƙofa ta gaskiya ga wanda bai san komai ba, ko kuwa wani sabon abu ake ƙera masa a laƙaba masa sunan Buda? A matsayin ɗalibin adabi nake tambaya.

Bilkisu_Hamburg:
Wa alaikumus salam Malam Sadisu. Zan tsaya a kan Hesse, tun da a nan Jamus littafinsa ba baƙo ba ne, kuma da Jamusanci na karanta shi. Siddhartha na cikin labarin ba shi ne Buda ba. Ɗan wani Brahman ne, wato malamin addinin Hindu, wanda ya bar gidan mahaifinsa tare da amininsa Govinda, suka yi zaman zuhudu a daji, sannan suka je wurin Gotama, wato Buda, suka saurari wa'azinsa. Govinda ya miƙa wuya ya shiga sahun almajirai, shi kuwa Siddhartha ya yaba wa koyarwar matuƙa, sannan ya ce ba zai bi ba, domin a ganinsa ba a samun tsira ta bakin wani. Ya shiga birni ya zauna da wata karuwa mai suna Kamala, ya yi kasuwanci, ya faɗa caca, daga ƙarshe ya tare a bakin kogi wurin wani mai fito da ake kira Vasudeva. Ke nan littafin da ya fi suna wajen gabatar da Turawa ga addinin Buda labari ne na mutumin da ya ga Buda ido da ido ya ƙi bin sa. Na yi hira da abokan aikina da suka karanta shi tun suna matasa, kuma abin da ya zauna musu a zuciya shi ne kogin nan da natsuwarsa, wannan ƙin bin kuwa sai an tuna musu.

Dakta_Kabiru:
Hajiya Bilkisu ta taɓo jijiyar maganar. Zan ƙara da cewa Hesse daga gidan 'yan mishan ya fito. Kakansa na wajen uwa, Hermann Gundert, ya shafe shekaru masu yawa a kudancin Indiya har ya rubuta ƙamus na harshen Malayalam. Shi kansa Hesse tafiyar da ya yi zuwa Gabas a 1911 ta kai shi tsibirin da ake kira Siri Lanka a yau da Malaya da Sumatra. Ƙarshen labarin nasa, inda komai ke haɗewa ya zama abu guda cikin sautin kogi, ya fi kusa da falsafar Hindu wadda ke cewa ran mutum da asalin halitta abu ɗaya ne. Buda kuwa ya koyar da cewa babu wani tabbataccen kai da ke dawwama a cikin mutum, kuma wannan na daga cikin manyan abubuwan da suka raba shi da malaman zamaninsa. An fitar da fassarar Ingilishi a Amurka a 1951, matasan shekarun 1960 suka rungume ta, domin saƙon cewa kowa ya nemi hanyarsa ba tare da shugaba ko hukuma ba shi ne daidai abin da suke son ji a lokacin.

Abdu_Damagaram:
Ni dai ban yarda da yadda ake neman ɗora wa labari laifi ba. Addinin Buda tun asalinsa da labari yake tafiya. A cikin nassosin addinin da ke cikin tsohon harshen Pali akwai tarin labaran Jataka guda 547, waɗanda ke bayyana rayuwar da ake cewa Buda ya yi a baya, wani lokaci a matsayin sarki, wani lokaci biri ko barewa. Akwai kuma labarin Kisa Gotami, matar da ɗanta ya rasu ta ɗauki gawarsa tana yawo gida-gida tana neman magani. Da ta je wurin Buda bai yi mata dogon wa'azi ba, sai ya ce ta samo masa ƙwayar mastad daga gidan da ba a taɓa mutuwa ba. Ta zaga gari kaf ba ta samu irin wannan gida ba, a nan ta fahimci cewa mutuwa ba ita kaɗai ta zo wa ba. Wanda ya ji wannan ya fahimci rashin dawwamar duniya fiye da wanda aka jera wa ƙa'idoji. Har ma a Sutrar Lotus, ɗaya daga cikin manyan nassosinsu, akwai misalin uban da gidansa ya kama da wuta, 'ya'yansa na ciki suna wasa sun ƙi fitowa, sai ya yi musu alkawarin kekunan wasa a waje, suka fito da gudu suka tsira. Malamansu na kafa hujja da wannan cewa a yi wa kowa magana gwargwadon fahimtarsa. In haka ne, me ya sa za a hana marubucin Turai yin abin da masu addinin suka daɗe suna yi?

Zainabu_Kumasi:
Ina tare da Yaya Abdu a kan cewa labari ya fi shiga zuciya. Sai dai masu ba da labaran Jataka suna ba da su ne a cikin al'ummar da ta riga ta san sauran addinin, mai karanta Hesse a ɗakinsa kuwa ba shi da kowa a gefensa da zai cike masa gurbin da aka bari.

Nafisa_ChiangMai:
Maganar Anti Zainabu ita ce abin da nake gani da idona a nan arewacin Tailan, inda nake karatu. Da sassafe sufaye, wato masu zuhudu na addinin Buda, ke fitowa ba takalmi, sanye da mayafi ruwan goro, kowa da ƙoƙon bararsa, mutanen unguwa su durƙusa su zuba musu shinkafa da abin marmari. Masu bayarwar suna yi ne don neman lada, da fatan samun kyakkyawar makoma idan an sake haihuwarsu bayan mutuwa, kuma sukan sadaukar da ladan ga iyayensu da suka rasu. Sufi a wannan mazhaba ta Theravada yana ƙarƙashin dokoki 227, ba ya cin abinci bayan rana ta take tsaka, ba ya kusantar mace. Samari da yawa sukan shiga gidan sufaye na ɗan lokaci, musamman a watanni uku na damina, don faranta wa iyayensu. Direbobin haya na rataya laya mai hoton Buda ko na wani babban sufi. Mafi yawan mutanen gari ba sa yin zaman natsuwar nan, wato zama shiru ana tattara hankali wuri guda, wanda Turawa suka ɗauka shi ne addinin baki ɗaya.

Na sha haɗuwa da matasa daga Turai da suka zo koyon zaman natsuwa, wasunsu da irin waɗannan littattafai a jaka. Wata baiwar Allah ta taɓa ce mini abin da take gani a wuraren ibadar nan camfi ne da ya gurɓata koyarwa ta asali. Maganar ta dame ni ƙwarai, domin baƙuwa ce da ta karanta labari ta zo tana yanke wa mutanen da suka gaji addinin kaka da kakanni hukuncin cewa ba su gane shi ba.

Lawal_Leeds:
Allah ya saka da alheri ƙanwata Nafisa, gani ya kori ji. Misalin Kerouac ma yana ƙarfafa wannan. Kowane mabiyin addinin Buda, ko da ba sufi ba ne, yana ɗaukar alkawura biyar: ba zai kashe mai rai ba, ba zai ɗauki abin da ba a ba shi ba, ba zai yi alfasha ba, ba zai yi ƙarya ba, ba zai sha abin maye ba. Littafin The Dharma Bums kuwa cike yake da shan giya da sakin jiki tsakanin maza da mata, ana yi ana ambaton Buda. Kerouac ɗan gidan Katolika ne daga garin Lowell na Amurka, ya san addinin Buda ne galibi ta littafin da Dwight Goddard ya tattara, kuma giya ce ta yi ajalinsa a 1969 yana da shekara 47. Matashin da ya fara da wannan littafi zai ɗauka addinin yawon duniya ne da hawan duwatsu da 'yancin yin abin da rai ke so.

Abdu_Damagaram:
Malam Lawal, rabin labarin ka kawo. Tauraron littafin, Japhy Ryder, an gina shi ne a kan mawaƙi Gary Snyder, wanda ya tafi Japan a 1956 ya shafe shekaru yana koyon Zen, wata mazhabar addinin Buda, a Kyoto a hannun malamai, da duk tsananin horon da ke ciki. A shekarun da suka biyo baya ne cibiyoyi suka fara kafuwa, kamar cibiyar Zen ta San Francisco da aka buɗe a 1962 ƙarƙashin Shunryu Suzuki, kuma matasan wancan zamani ne suka cika su. Wanda ya je can da tunanin shagali ba ya daɗewa, domin tashi ake yi tun kafin asuba a zauna shiru fuska na kallon bango. Wasu sun gudu, wasu sun zauna har suka zama malamai. Littafin ya kai su bakin ƙofa, abin da ya biyo baya kuwa ya rage nasu.

Isuhu_Chicago:
Ina son a bambance marubucin da ya ce ga ƙagaggen labari da wanda ya sayar da ƙarya da sunan gaskiya. A 1956 aka buga The Third Eye a Landan, da sunan tarihin rayuwar wani lama, wato malamin addinin Buda ɗan Tibet, mai suna Lobsang Rampa, wanda ya ce an huda masa goshi aka buɗe masa ido na uku. Littafin ya yi kasuwa sosai. A 1958 binciken da Heinrich Harrer, Baturen da ya taɓa zama a Tibet, ya sa aka yi ya gano cewa marubucin Bature ne ɗan yankin Devon a Ingila mai suna Cyril Hoskin, bai taɓa zuwa Tibet ba, ba ya jin harshensu. Da asiri ya tonu sai ya ce ruhin lama ne ya shiga jikinsa, ya ci gaba da rubutu, mutane suka ci gaba da saye. Farfesa Donald Lopez ya bayyana a littafinsa Prisoners of Shangri-La na 1998 cewa ya ba ɗalibansa na Jami'ar Michigan littafin ba tare da ya gaya musu tarihinsa ba, suka karanta suka gaskata shi. Wannan shi ne haɗarin da ke kan sabon shiga, domin ba shi da ma'aunin da zai gwada abin da aka ba shi.

Dakta_Kabiru:
Haka ne Malam Isuhu, amma Lopez ɗin nan ya kuma ambata cewa masana harkar Tibet da dama a Turai sun gaya masa littafin Rampa ne na farko da suka karanta a kan ƙasar, kuma wasunsu sha'awar da ya sa musu ce ta kai su ga zama masana. Wannan hujja ce ga ɓangaren Malam Abdu, ko da yake ba ta wanke Hoskin ba. Abin da ya fi damuna shi ne waɗanda ba su ci gaba da bincike ba, kuma su ne mafi rinjaye a cikin masu karanta kowane irin littafi.

Malam_Tukur:
Jama'a, ina bin maganganunku tun farko, amma ina da tambaya. Mu Musulmi ne, wannan kuwa addini ne da bai ginu a kan imani da Mahalicci ba. Mene ne amfanin zurfafawa a kan yadda Turawa ke koyon sa, kuma ba ku jin tsoron wani matashi a cikinmu ya ga sunayen littattafan nan ya je ya nema?

Dakta_Kabiru:
Allah ya gafarta Malam, tambayarka a kan hanya take. Sanin abin da wasu al'ummu suka yi imani da shi tsohon fanni ne a wurin malamanmu. Shahrastani, wanda ya rasu a 1153, ya yi bayanin mabiya Buda a cikin Al-Milal wan-Nihal. Akwai ma abin da ya shafi maudu'inmu kai tsaye. Labarin ɗan sarkin da mahaifinsa ya killace shi a fada don kada ya ga tsufa da cuta da mutuwa, ya fita ya gan su, ya bar mulki ya kama zuhudu, ya shiga Larabci tun farkon zamanin Abbasiyawa da sunan Bilawhar wa Budasaf. Daga nan ya bi ta harshen Jojiya da Girkanci da Latin ya shiga Turai da sunan Barlaam da Josaphat, har coci ta sa su cikin jerin waliyyanta, sai a ƙarni na 19 masana suka tabbatar cewa tarihin Buda ne aka sauya wa tufafi. Wato Turawa sun shafe ƙarnoni suna karanta labarin Buda ba su sani ba, kuma abin da ya isa gare su labarin ne tsurarsa, koyarwar ta zube a hanya. Game da matasa kuwa, wanda ya san cewa ƙagaggen labari ba nassi ba ne ya fi samun kariya a kan wanda ya ci karo da shi a intanet ba tare da an taɓa yi masa bayani ba.

Malam_Tukur:
Na ji bayaninka Dakta, Allah ya ƙara ilimi. Ina dai roƙon a riƙa yin maganar da irin wannan taka-tsantsan.

Hadiza_Marwa:
Baba Tukur, akwai wani dalilin da ya sa abin ya shafe mu, domin irin wannan aikin an yi wa namu. Jalaluddin Rumi malamin fikihu ne a garin Konya, ya rasu a 1273, kuma littafin waƙoƙinsa Masnawi cike yake da ayoyin Alƙur'ani da hadisai. Amma Rumin da aka fi sani a Amurka shi ne na Coleman Barks, wanda ba ya karanta Farisanci, ya ɗauki fassarorin wasu ya sake tsara su, Musuluncin da ke ciki ya dusashe ƙwarai. Sai ka ga mutum yana yaɗa baitocin Rumi a Facebook bai san mai su yana sallah da azumi ba. Idan wannan yana yi mana ciwo, to ya kamata mu gane abin da mutumin Tailan ko Tibet ke ji idan ya ga an tace addininsa an zubar da ibada da hukunci an bar kalaman kwantar da hankali.

Sadisu_Adabi:
Malama Hadiza ta kawo misali mai ƙarfi, amma bari in dawo da mu kan littattafan da ake rubutawa musamman domin sabon shiga, tun da a kansu tambayata ta fi karkata. A littafin Michie, kyanwa ce ke ba da labari, an tsince ta a titin Delhi aka kai ta gidan Dalai Lama, jagoran mabiya Buda na Tibet, a garin Dharamsala na Indiya, tana zaune tana jin hirarsa da baƙi, kowane babi ya ƙare da darasi a kan tausayi ko fushi ko hassada. A na Merullo, wani ma'aikacin kamfanin ɗab'i ne da iyayensa suka rasu a hatsarin mota ya tuƙa mota zuwa gonarsu a jihar Dakota ta Arewa tare da wani malami mai suna Volya Rinpoche, yana shakka a farko, a hankali ya sauko. Tsarin kusan ɗaya ne: mutum mai rufin asiri amma zuciyarsa ba ta da sukuni, ya haɗu da malami mai fara'a, ya koma gida da sauƙin rai. Ba a neman ya bar komai. Shi kuwa Buda, kamar yadda mabiyansa ke ruwaitowa, fada da mata da ɗa ya bari.

Bilkisu_Hamburg:
Malam Sadisu, a nan zan ɗan saɓa maka. Michie bai ɓoye cewa labari yake ƙagawa ba, kuma shi mai bin tafarkin Tibet ne, abin da ke bakin 'yan wasansa koyarwa ce da za a iya samu a wurin malamansu. Wata maƙwabciyata da mijinta ya rasu ta gaya mini irin waɗannan littattafai ne suka taimaka mata ta rage ɗacin da take ji game da danginsa. Ba ta ce ta zama mabiyar Buda ba, ba ta kuma yi iƙirarin sanin addinin ba. Ba kowane mai karatu ne ke neman sauya addini ba, kuma Buda ma ba kowa ya ce ya bar gida ba, akwai koyarwarsa ga magidanta a kan haƙƙin iyaye da mata da barori. Ban ga adalci ba a auna littafin da aka rubuta don mai baƙin ciki da ma'aunin littafin makaranta.

Lawal_Leeds:
Hajiya, amfanin da maƙwabciyarki ta samu ba abin rainawa ba ne. Sai dai a lura da kasuwar da ke bayan abin. Tun da Jon Kabat-Zinn ya fara shirinsa na rage damuwa ta hanyar zaman natsuwa a asibitin Jami'ar Massachusetts a 1979, aka samu hanyar raba wannan zama da addinin da ya fito daga cikinsa, har ya shiga ofisoshi da makarantu da manhajojin waya. Kamfanonin ɗab'i sun san abin da mai saye ke so. Labarin da zai yi maganar azabar lahira kamar yadda take a nassosin Buda, ko sake haihuwa a matsayin dabba saboda mugun aiki, ko wajibcin ciyar da sufaye, ba zai yi farin jini irin na labarin kyanwa ba. Saboda haka tacewar tana faruwa tun kafin littafin ya isa hannun mai karatu.

Isuhu_Chicago:
Akwai kuma waɗanda labaran suka shafe gaba ɗaya. Mafi yawan mabiya addinin Buda a Amurka 'yan asalin Asiya ne. Tun 1899 limaman mazhabar Jodo Shinshu suka sauka a San Francisco domin baƙin haure 'yan Japan, kuma lokacin da gwamnati ta tsare kimanin mutum 120,000 'yan asalin Japan a sansanoni daga 1942, akasarinsu mabiya Buda ne, limamansu na cikin waɗanda aka fara kamawa. A garin da nake akwai wuraren ibadar 'yan Biyetnam da Tailan da Kambodiya, inda ake jana'iza da bukukuwan shekara da koya wa yara harshen iyayensu. A mafi yawan labaran da aka ambata a sama, Bature ne mai nema, mutumin Asiya kuwa malami ne da ke fitowa ya furta hikima ya koma gefe.

Zainabu_Kumasi:
To ashe ba a rasa waɗanda suka yi ƙoƙarin gyara wannan ba. Ruth Ozeki, wadda mahaifiyarta 'yar Japan ce kuma ita kanta an naɗa ta limamiyar Zen a 2010, ta rubuta A Tale for the Time Being a 2013. A ciki akwai yarinya a Tokyo da ake cin zalinta a makaranta, da kakar mahaifinta mai shekara 104 da ke zaune a wani ƙaramin gidan ibada. Addinin a can yana cikin shara da wanka da yi wa matattu addu'a, yana kuma fuskantar maganar yaƙi da ta mutum ya kashe kansa ba tare da kauce musu ba. George Saunders, wanda ke bin tafarkin Tibet, ya ci kyautar adabi ta Booker a 2017 da Lincoln in the Bardo, inda ya ɗauki aƙidar zaman da mamaci ke yi tsakanin mutuwa da sake haihuwa ya ɗora a kan rasuwar Willie ɗan Shugaba Lincoln a 1862. Akwai kuma Charles Johnson, baƙar fatar Amurka mabiyin Buda, wanda labarinsa Middle Passage a kan jirgin bayi ya ci babbar kyautar adabi ta ƙasar a 1990. Waɗannan ba sa tsayar da labari su yi wa'azi, koyarwar tana cikin yadda mutanen ke riƙe abin da ya kamata su saki.

Dakta_Kabiru:
Na yarda da darajar waɗannan, Malama Zainabu, amma ko sabon shiga zai gane cewa ana koya masa wani abu? Mutum zai iya karanta Saunders daga farko har ƙarshe ya ɗauka labarin fatalwa ne a maƙabarta. Littafin da ya fi zurfi bai fiye bayyana tushensa ba, wanda ya bayyana ƙarara kuma yakan sauƙaƙa fiye da kima.

Hadiza_Marwa:
Akwai abin da ba a taɓo ba, kuma yana raina. Waɗannan labarai sun dasa wa mutanen Yamma tunanin cewa mabiya Buda ba su san tashin hankali ba. A 2017 sojojin Myanmar suka kori Musulmin Rohingya fiye da 700,000 zuwa Bangladesh, bayan shekarun da sufi Wirathu da magoya bayansa suka yi suna wa'azin ƙiyayya. Mutane da yawa a Turai sun kasa haɗa wannan da hoton da ke kansu. Ba ina ɗora wa addinin laifi ba ne, domin alkawarin farko a cikinsa shi ne kada a kashe rai, kuma Dalai Lama ya fito fili a lokacin ya ce da Buda na nan da ya taimaki waɗannan bayin Allah. Abin da nake cewa shi ne labarin da ya nuna mabiya wani addini tamkar ba mutane ba ne masu siyasa da son zuciya, bai yi musu adalci ba, bai kuma yi wa waɗanda aka zalunta ba.

Abdu_Damagaram:
Ban musa ba Malama Hadiza, amma wannan nauyi ne da ya fi ƙarfin littafi guda. Ba wanda ke neman labarin Kisa Gotami ya yi bayanin siyasar Myanmar. Ni har yanzu ina kan bakana cewa laifin yana ga wanda ya tsaya a littafin farko. Ga wanda ke son labari daga hannun ɗan gida, akwai Old Path White Clouds na Thich Nhat Hanh, sufin Biyetnam da ya kafa cibiyar Plum Village a Faransa a 1982. Ya ba da tarihin Buda ta idon wani yaro makiyayin ɓauna mai suna Svasti, kuma a ƙarshen littafin ya nuna nassin da ya ɗauko kowane babi daga ciki. Wannan ƙagaggen labari ne da ke ɗauke da hujjarsa.

Nafisa_ChiangMai:
Yaya Abdu, na karanta shi, kuma ya fi sauran kusa da abin da nake ji daga abokan karatuna. Sai dai shi ma marubucin ya bayyana cewa da gangan ya bar mafi yawan mu'ujizojin da nassosi suka jingina wa Buda, don ya fito da shi a matsayin mutum. A nan kuwa waɗannan mu'ujizojin su ne aka zana a bangon wuraren ibada, su yara ke fara gani. Labarin da ya fi kowanne daraja a wurinsu shi ne na Vessantara, na ƙarshe a jerin Jataka, ɗan sarkin da ya yi kyauta da giwar garinsu, aka kore shi, ya kuma bayar da 'ya'yansa biyu da matarsa. Ana karanta shi a bainar jama'a a kashi 13, mutane su taru su saurara don neman lada. Da na ba wata abokiyar karatuna 'yar Holan wannan labari, abin da ta fara tambaya shi ne yadda za a yaba wa uban da ya bayar da 'ya'yansa. Ina son Malam Sadisu ko Dakta su gaya mana ko akwai marubucin Yamma da ya taɓa ɗaukar irin wannan labari mai wuyar haɗiya ya miƙa wa sabon shiga yadda yake, ba tare da ya sassauta shi ba.